Magungunan toshe anzim da kariyar ƙwaƙwalwar jarirai: inda bincike ya kai a kan shanyewar ƙwaƙwalwa

Taƙaitawa

Wannan maƙala ta duba binciken da ake yi a kan magungunan da ke toshe aikin wasu anzim a jikin ɗan tayi ko jariri, da nufin hana lahanin da ke kai yaro ga shanyewar ƙwaƙwalwa. Mun bayyana yadda ɓarnar take aukuwa, da anzim ɗin da ake zargi, da abin da gwaje-gwaje suka nuna a jikin dabbobi da na mutane. Abin da muka fahimta shi ne cewa masana sun iya toshe anzim tun da daɗewa. Wahalar da ta rage ita ce zaɓen anzim ɗin da ya dace, da samun lokacin da ya dace, da sanin jaririn da maganin zai yi wa amfani.

0. Gabatarwa

Likitocin ƙasashen da ke aiki da Faransanci sun daɗe suna kiran wannan lalura infirmité motrice cérébrale, sunan da Guy Tardieu ya raɗa mata a shekarun 1950. A yau kalmar paralysie cérébrale ta fi yaɗuwa. A cikin wannan aiki mun zaɓi mu ce "shanyewar ƙwaƙwalwa". Abin nufi shi ne naƙasar motsi da ta tsayuwar jiki, mai ɗorewa, wadda ta samo asali daga wani rauni da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana cikin girma, ko a cikin mahaifa, ko lokacin haihuwa, ko a farkon rayuwa. Raunin kansa ba ya ƙaruwa, amma alamunsa suna sauyawa gwargwadon girman yaro. Ya kamata a bambanta ta da shan inna, domin jama'a sukan haɗa su. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana kama laka, kuma gaɓar da ta shafa takan saki. A shanyewar ƙwaƙwalwa kuwa mafi yawan lokaci tsoka sanƙarewa take yi.

Wani nazari da McIntyre da abokan aikinta suka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa lalurar tana samun jarirai 1,6 bisa 1000 a ƙasashe masu arziki, da kimanin 3,4 bisa 1000 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita inda aka sami alƙaluma. Idan raunin ya riga ya zauna, babu maganin da ke maido da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu. Motsa gaɓɓai, da magungunan sassauta tsoka, da tiyata, duka suna rage wahala ne kawai. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga ƴan awoyin da ke tsakanin aukuwar haɗari da mutuwar ƙwayoyin.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Anzim wani furotin ne da ke gaggauta haɗuwa ko rabuwar sinadarai a cikin jiki, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kowane anzim yana da wani gurbi inda sinadarin da yake aiki a kansa ke shiga. Maganin da ke shiga wannan gurbi ya tare shi, ko ya hana shi aiki ta wata hanya, shi ne muka kira matoshi (jam'i: matosai). Asfirin matoshi ne, haka ma da yawa daga cikin magungunan hawan jini da na ƙanjamau.

1. Asalin lalurar

A 1861 William John Little, likitan ƙashi na Landan, ya gabatar da wata maƙala inda ya danganta sanƙarewar gaɓɓan yara da wahalar naƙuda, da haihuwar bakwaini, da jinkirin numfashin jariri. A 1897 Sigmund Freud, wanda a lokacin likitan jijiya ne, ya kawo wani ra'ayi dabam: sau da yawa lahanin ya riga naƙuda, kuma wahalar haihuwar alama ce ta ɗan tayin da ya riga ya raunana. Kusan shekara 90 bayan haka, Nelson da Ellenberg (1986) suka bi diddigin dubban yara a Amurka, suka tarar cewa ƙarancin iska lokacin haihuwa shi kaɗai yana bayyana wani ƙaramin kaso ne na masu lalurar. A ƙasashe masu arziki ana ƙiyasta wannan kaso da kusan 10 bisa 100. Sauran sun haɗa da bakwaini, da cututtukan da ke kama mahaifa, da toshewar magudanar jini a ƙwaƙwalwar ɗan tayi, da tawayar halitta, da gado.

A Afirka lissafin ya bambanta. Doguwar naƙuda, da shawarar jarirai mai tsanani, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna da babban rabo. Binciken da Kakooza-Mwesige da abokan aikinta suka yi gida-gida a gabashin Uganda, wanda aka wallafa a 2017, ya sami yara 2,9 bisa 1000 masu lalurar, kuma da dama daga cikinsu sun kamu ne bayan watan farko na rayuwa. Ke nan tun daga farko dole mu san cewa duk maganin da aka yi domin ƙarancin iska wani ɓangare na matsalar kawai zai taɓa.

2. Yadda ɓarna ke aukuwa

2.1. Matakai uku

Idan mabiyiya ta ɓalle, ko igiyar cibiya ta matse, jini da iskar oksijan suna raguwa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ƙwayoyin jijiya suna rasa makamashinsu, wato sinadarin ATP, wasu kuma suna mutuwa nan take. Wannan shi ne mataki na farko. Idan aka farfaɗo da jariri, jini ya koma gudu, sai a shiga mataki na biyu, inda makamashin ke dawowa kamar komai ya daidaita. Wannan lafawa takan ɗauki kimanin awa 6. Daga nan sai mataki na uku, wanda ke kaiwa kwana 2 zuwa 3: makamashi ya sake faɗuwa, jijjiga ta taso, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙwayoyi masu yawa su mutu ko da yake iska ta wadata. Masu bincike na Landan sun ga wannan faɗuwa ta biyu a jikin jarirai a shekarun 1980, sannan Lorek da abokan aikinta suka tabbatar da ita a jikin ƴaƴan aladu a 1994. Muhimmancin wannan ganowa shi ne ta nuna akwai wata ƴar taga da magani zai iya shiga.

2.2. Anzim biyu da guba ɗaya

Idan makamashi ya yi ƙasa, sinadarin gulutamat, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, yana taruwa a tsakaninsu fiye da ƙima. Yana buɗe wasu ƙofofi da ake kira NMDA, sai kalsiyom ya kwarara cikin ƙwayar. Kalsiyom ɗin nan yana tada anzim iri-iri, kuma wanda ya fi kusa da bakin ƙofar shi ne mai haɗa iskar NO, wato monoksid na azot. Garthwaite ya nuna alaƙar ƙofofin NMDA da fitar NO a 1988, Bredt da Snyder kuma suka ware anzim ɗin daga ƙwaƙwalwa a 1990.

A daidai wannan lokaci ATP ɗin da ya rushe yana zama hifoksantin. Da zarar oksijan ya dawo, wani anzim mai suna ksantin oksidaz yana ƙona hifoksantin ɗin, yana fitar da wani sinadari mai ɓarna da ake kira sufaroksid. Idan NO da sufaroksid suka gamu, suna haifar da faroksinitrit, kamar yadda Beckman ya bayyana a 1990. Wannan guba tana lalata kitsen fatar ƙwaya, da mitokondiri masu samar da makamashi, da ADN. Ƙwaƙwalwar jariri ta fi ta babba saurin cutuwa, domin tana da kitse mai saurin ƙonewa da ƙarfe mai yawa, garkuwarta daga irin waɗannan sinadarai kuma ba ta gama ƙosawa ba. Wannan ilimi yana cikin dalilan da suka sa ƙa'idojin duniya na 2010 suka ce a fara farfaɗo da jaririn da watanninsa suka cika da iskar ɗaki, maimakon oksijan zalla.

Tunda gubar tana da iyaye biyu, hankali ya ba da cewa toshe ɗaya daga cikinsu zai rage ta. A kan wannan tunani aka gina mafi yawan binciken da za mu duba.

3. Toshe anzim mai haɗa NO

3.1. Iri uku masu kama da juna

Anzim mai haɗa NO, wanda ake taƙaita sunansa da NOS, iri uku ne. Akwai nNOS na ƙwayoyin jijiya, da eNOS na fatar cikin magudanan jini, da iNOS wanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa idan akwai kumburi. Dukkansu arjinin suke sarrafawa, kuma gurbinsu kusan iri ɗaya ne. Amma tasirinsu a lokacin haɗari ya saɓa. NO ɗin da eNOS ke fitarwa shi ne ke buɗe magudanan jini, kuma gano wannan aiki ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Gwaje-gwajen da aka yi a Boston sun fayyace lamarin: ɓerayen da aka cire wa nNOS sun sami ƙaramin lahani bayan toshe musu jijiyar ƙwaƙwalwa (1994), waɗanda aka cire wa eNOS kuwa lahaninsu ya fi girma (1996). A 1996 ɗin dai Ferriero ta nuna cewa jariran ɓeraye marasa nNOS sun fi jure ƙarancin iska.

Haɗarin matoshin da bai bambanta ba ya bayyana a jikin mutane. An gwada wani irinsa ga manya 797 da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu har bugunsa ya faɗi, aka kuma dakatar da gwajin, wanda aka wallafa a 2004, saboda mace-mace sun kai 59 bisa 100 ga waɗanda suka sami maganin, 49 bisa 100 ga waɗanda ba su samu ba. Ga jariri lamarin ya fi haka laushi. Jaririn da ya sha ƙarancin iska sau da yawa magudanan jinin huhunsa a matse suke, kuma maganin da ake ba shi shi ne shaƙar iskar NO, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1999. Wato sinadari guda guba ne a ƙwayar jijiya, magani ne a huhu.

3.2. Gwajin zomaye

Richard Silverman, masanin haɗa magunguna na Jami'ar Northwestern da ke kusa da Shikago, wanda ya ƙirƙiro maganin jijiya da aka sani da Lyrica, ya shafe shekaru yana neman matoshin da zai kama nNOS ya ƙyale eNOS. Hotunan ƙirar anzim da Thomas Poulos ya samar a Kalifoniya sun nuna wani ɗan bambanci a gefen gurbin. A wuri na 597 na nNOS akwai asfartat, mai ɗauke da cajin lantarki na ragi, alhali a wurin da ya yi daidai da shi a eNOS asfarajin ne, marar caji. Sai suka ƙera sinadarai masu cajin ƙari a daidai wannan kusurwa, waɗanda ke manne wa nNOS fiye da eNOS sau ɗaruruwa, wasu ma fiye da sau 1000.

Wurin gwaji ya fito daga Sidhartha Tan, likitan jarirai, da abokan aikinsa. Ɓeraye ba su cika nuna sanƙarewar tsoka ba ko da an raunata ƙwaƙwalwarsu, don haka ba su da daɗin kwatanta shanyewar ƙwaƙwalwa. A 2004 wannan ƙungiya ta bayyana wata dabara da zomaye. Zomanya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 31. A rana ta 22 sai a hura wani ɗan balan-balan a cikin babbar jijiyar jininta, a tsayar da jinin mahaifa na minti 40, abin da ke kwaikwayon ɓallewar mabiyiya. Ƴaƴan da suka rayu da yawansu ana haihuwarsu da sanƙararrun ƙafafu da wahalar tsotso da haɗiya.

A 2009 suka wallafa sakamakon haɗin gwiwarsu a mujallar Annals of Neurology. An yi wa zomaye masu ciki allurar sababbin matosai guda biyu. Magungunan sun ƙetare mabiyiya, sun kai ƙwaƙwalwar ƴan tayi, sun rage NO a cikinta, kuma ba su taɓa bugun zuciya ko ƙarfin jinin uwa ba. Mutuwar ƴan tayi ta ragu ƙwarai, kuma da ɗaya daga cikin magungunan fiye da 80 bisa 100 na ƴaƴan an haife su ba tare da alamun lalurar ba. A 2013 masu bincike na Auckland, a Niyu Zilan, sun gwada wani ɗan'uwan waɗannan sinadarai a jikin ƴan tayin tumaki, suka sami kariya, amma ba cikakkiya ba.

3.3. Iyakar wannan sakamako

Abu uku ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, an fara ba zomayen maganin ne tun kafin a tsayar da jinin. Mai bincike ya san ranar haɗari da mintinsa, ungozoma kuwa ba ta sani ba. Idan za a bi wannan hanya ga mata, to sai an ba da yawa waɗanda ƴaƴansu lafiya lau za su fito, domin a kare kaɗan. Maganin da za a yi wa haka dole ne ya zama marar illa ƙwarai.

Na biyu, cajin da ke sa matoshi ya zaɓi nNOS shi ne kuma ke hana shi ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Don rage wannan cikas ƙungiyar Silverman ta ƙara wa sinadaran fuluwor a 2010, kuma aikin gyaran ya ci gaba shekaru bayan haka.

Na uku, nNOS yana da ayyukansa na halal. Yana taimaka wa ƙwayoyin jijiya wajen ƙulla alaƙa a lokacin girma, yana kuma sassauta bakin tumbi. Ɓerayen farko da aka cire wa shi, a 1993, tumbinsu ya kumbura saboda wannan dalili. Illar toshe shi ga ƙwaƙwalwa mai girma ba za ta bayyana a makon farko ba, sai an bi yaro har shekarun lakkwal.

3.4. Iminobiyotin

Matoshin NOS da ya kai ga jariran mutane shi ne 2-iminobiyotin, ɗan'uwan bitamin biyotin, wanda ke toshe nNOS da iNOS. Peeters-Scholte da abokan aikinta na Utrecht, a Holan, sun nuna a 2002 cewa yana kare ƴaƴan aladu ko da an ba su bayan haɗari. A 2007 wani nazari na wannan jami'a ya kawo abin mamaki: a jikin jariran ɓeraye mata kawai maganin ya kare, kuma ga alama ta wata hanya da ba ta NO ba. A 2020 aka wallafa ƙananan gwaje-gwaje biyu a jikin jarirai, ɗaya a Holan, ɗaya a Kinshasa. Manufarsu auna yawan maganin a jini da neman illa, kuma ba a ga wata babbar illa da aka danganta da shi ba. Yawan jariran bai kai a yanke hukunci a kan kariya ba.

4. Sauran matosai

4.1. Alofurinol

Wannan tsohon maganin ciwon gaɓɓai ne da ake kira gut, kuma ksantin oksidaz yake toshewa. Yana da araha, an kuma san halinsa tun shekarun 1960. Palmer da Vannucci sun nuna a 1990 cewa yana rage lahani ga jariran ɓeraye. Van Bel ya gwada shi ga jarirai 22 a 1998. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje uku masu jarirai 114 a 2012, ta ce hujjar ba ta isa ba. Ana zargin cewa an makara, domin sufaroksid yana fitowa ne a mintocin farko na dawowar jini, maganin kuwa sai bayan awoyi ake ba da shi. Don haka a Holan aka ba mata 222 alofurinol ko maganin bogi tun suna naƙuda, da zarar an ga alamar ɗan tayi na cikin matsi. Sakamakon, na 2015, bai nuna bambanci ba ga jimlar jariran, sai wata alamar amfani ga ƴaƴa mata da aka lura da ita daga baya. Babban gwajin Turai mai suna ALBINO, da aka fara a 2018, an tsara shi ne a kan allurar farko cikin minti 45 bayan haihuwa, abin da ke nuna yadda tagar ta ƙuntata.

4.2. Indometasin

Wannan yana toshe anzim mai suna sikulo-oksijenaz, kuma yana rage zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini. A gwajin da Schmidt ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2001, an raba jarirai 1202 masu nauyin giram 500 zuwa 999 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Zubar jini mai tsanani ta ragu daga 13 zuwa 9 bisa 100. Amma da yaran suka kai wata 18, mutuwa ko naƙasa ta kasance 47 bisa 100 ga waɗanda suka sami maganin, 46 ga sauran. Darasin a fili yake: gyaruwar hoton ƙwaƙwalwa ko na gwajin jini ba ta tabbatar da cewa yaro zai zauna ya yi tafiya.

4.3. Matoshin shawara

Ba ƙarancin iska kaɗai ke da anzim ba. Bilirubin, sinadarin da ke sa idon jariri ya yi rawaya, anzim mai suna hem oksijenaz ne ke fara samar da shi daga rusassun jajayen ƙwayoyin jini. Idan ya yi yawa yana shiga tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da murɗe-murɗen gaɓɓai da kurumta. Kappas da Drummond na Jami'ar Rockefeller sun samar da wani matoshi mai ɗauke da kuza, wanda allura ɗaya tasa ta rage buƙatar sa jarirai ƙarƙashin fitila a gwaje-gwajen Girka da Ajantina na shekarun 1990. Duk da haka, a 2018 kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya ƙi goyon bayansa saboda ƙarancin hujja a kan lafiyarsa ta dogon lokaci.

5. Abin da za a auna su da shi

Hanyoyi biyu ne suka tabbata a manyan gwaje-gwaje, kuma babu matoshin anzim a cikinsu. Ta farko ita ce sanyaya jariri zuwa digiri 33,5 na tsawon awa 72, a fara kafin awa 6 su wuce. Gwaje-gwajen 2005 da 2009 sun tabbatar da ita, kuma tattarawar Cochrane ta 2013 ta nuna cewa cikin kowane jarirai 7 da aka sanyaya ana tsirar da ɗaya daga mutuwa ko babbar naƙasa. Sanyi yana rage gudun dukkan matakan ɓarnar a lokaci guda, wanda wataƙila shi ne dalilin da ya sa ya yi nasara inda magani mai manufa ɗaya ya kasa. Ta biyu ita ce silfat na manyeziyom ga matar da za ta haifi bakwaini. Manyeziyom yana tare ƙofar NMDA, yana kuma rage shanyewar ƙwaƙwalwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin amfani da shi kafin sati 32 na ciki tun 2015.

Gwaji biyu na baya-bayan nan sun ƙara jan kunne. A 2022 aka ƙara eritirofoyetin a kan sanyi ga jarirai 500 a Amurka, bayan shekaru na kyakkyawan sakamako a jikin dabbobi, amma bai rage mutuwa ko naƙasa ba. A 2021 kuma gwajin HELIX, da aka yi da jarirai 408 a Indiya da Sirilanka da Bangaladash, ya nuna cewa sanyaya bai rage naƙasa ba, kuma mace-mace sun kai 42 bisa 100 ga waɗanda aka sanyaya, 31 ga sauran. Masu binciken sun danganta wannan da cewa jariran da yawa ƙanana ne, kuma ƙarancin iskarsu ya daɗe yana tafiya sannu a hankali kafin haihuwa, ta yadda tagar ta riga ta rufe.

6. Abin da ya shafe mu

Wannan bincike na Amurka ne da Turai, amma yankunanmu suna cikin waɗanda sakamakonsa zai fi shafa. Sanyaya jariri tana buƙatar lantarki marar yankewa, da na'urar taimakon numfashi, da ma'aikata dare da rana. Maganin da ke cikin kwalbar allura kuwa ana iya kai shi ƙaramin gidan haihuwa. Wannan ne dalilin da ya sa aka kai gwajin iminobiyotin Kinshasa, inda ba a sanyaya jariran ba.

Sai dai HELIX ya koya mana cewa ba a ɗauko sakamako daga wata nahiya a dasa shi haka nan. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye kafin a kai ta asibiti, ɗanta ya fi kama da jariran HELIX fiye da zomayen da aka tsayar wa jini na minti 40. Matoshin da dole a ba da shi cikin minti 45 ba zai amfani jaririn da aka haifa a gida ba. Kuma inda shawara da sanƙarau da zazzaɓi ke da babban rabo, toshe nNOS ko ksantin oksidaz ba zai taɓa waɗannan yaran ba. Ƙarancin anzim G6PD, wanda ke tsananta shawarar jarirai, ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Saboda haka muna ganin aiki uku ne ke gaban jami'o'inmu. Na farko, ƙidaya: a san yawan yaran da ke da lalurar da musabbabinta a kowace jiha, domin ba tare da wannan ba babu yadda za a san maganin da ya cancanci gwaji. Na biyu, horar da masu auna girman ƙwaƙwalwar yara a wata 18 zuwa 24, da kayan awo da aka daidaita da harsunanmu, tunda wannan awo ne ke yanke hukunci a kowane gwaji. Na uku, yaɗa abin da ya riga ya tabbata. Silfat na manyeziyom sanannen magani ne a gidajen haihuwarmu saboda jijjigar masu ciki. A Tanzaniya, koyar da ungozomomi farfaɗo da jariri da jaka da marufin hanci ya rage mutuwar ranar farko da 47 bisa 100 a asibitoci 8, bisa rahoton 2013. A Legas an nuna a 2015 cewa hasken rana da aka tace da wata leda ta musamman yana maganin shawara marar tsanani kamar yadda fitila ke yi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa tunanin toshe anzim yana da tushe mai ƙarfi a ilimin sinadaran jiki, kuma aikin Silverman da Tan ya nuna ana iya ƙera matoshin da ke bambanta nNOS da eNOS har ya kare ƴan tayin dabbobi. Mun kuma ga cewa har yanzu babu matoshin anzim da aka amince da shi domin hana shanyewar ƙwaƙwalwa. Alofurinol ya ci karo da matsalar lokaci, indometasin ya gyara hoto bai gyara yaro ba, matoshin shawara ya tsaya a kan tambayar illa, iminobiyotin kuma ƙananan gwaje-gwaje kawai aka wallafa a kansa a jikin jarirai. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wata rana ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya tabbata, amfaninsa a wurinmu zai dogara ne a kan ko mace ta isa gidan haihuwa da wuri, da ko akwai wanda ya iya gane jaririn da ke cikin haɗari a mintocin farko, da ko an gwada maganin a jikin jarirai irin namu. Waɗannan kuwa ayyuka ne da za a iya somawa tun yanzu.